Iyon Yawuri a Bahar Maliya

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya jikin Inna, yaya Anti Hauwa da yara? Mu nan unguwar Abbasiya a Alƙahira lafiya lau, karatu na tafiya.

Gasar nan da na dame ka da zancenta, na yi ta. Daga Alƙahira muka tafi bakin Bahar Maliya: iyo, sai keke kilomita casa'in, sannan gudu. Duk wanda bai ƙarasa kan lokaci ba, an cire shi.

Ka tuna yadda ka koya mini ƙetare kogi a Yawuri, in riƙa karkata hagu don kada ruwa ya tafi da ni? To, ranar tekun nan kwance yake, ba ya jan kowa, amma hannuna ya ƙi mantawa. Ina ta karkata, har wani Bamisire mai tsaro a ƙaramin kwalekwale ya biyo ni yana ihu, "Yalla, dawo! Saudiyya za ka?" Na ɗaga kai, ba kowa kusa da ni. Kusan na ƙarshe na fito.

A keke na rama kaɗan. Gudun kuwa, ƙafafuna kamar na aro, amma na ƙarasa ana shirin rufe gasar. Alhamdu lillahi, na samu lambata ta yabo.

Zan aiko maka da ita. Kai ka ɓatar da ni, kuma ba don kai ba da ban iya shiga ruwa ba.

A sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Ka gaida kowa. Inna kuwa, ka ce mata keke na hau. Kada ka ambaci teku.

Ƙaninka,
Bashir