Wankan Hadiza da Ganyen Zaitun

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, jikarki Hadiza ta sauka lafiya, mace aka samu. A ƙasar Sifaniya ta haihu, inda mijinta ke karatu, a wani gari mai suna Giranada da ke jikin duwatsu. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, ni na je wankan jego.

Ke kika yi wa duk matan gidanmu wanka a Rawayau, ni hura wuta kawai na iya. Wata huɗu da rasuwarki aka ce in taho. Na ƙulle darbejiya da runhu a tsohon zanenki, a filin jirgi aka karɓe, wai ganye ba ya shiga ƙasarsu. Har muka sauka ina hawaye. Na ce shi ke nan, a kaina wankan gidanmu zai tsaya.

Garin duk hawa da gangara ne, gwiwoyina sun ji jiki. Duwatsunsu sun ninka namu na Kurfi, samansu fari fat da ƙanƙara. Ga maijego cikin wannan sanyi, ga ni hannu rabbana babu ganye.

Surukina ya ga na kasa cin abinci, sai ya kai ni ƙauye a mota. Inna, zaitun ɗin da muke ji a Alƙur'ani, shi ne gona guda har kan tudu. Muka tarar da wata tsohuwa tana rage rassa. Na yi mata alamar goyo, na nuna yadda ake fyaɗa ganye a jiki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta cika mini buhu.

A tukunyar girki na tafasa, sau uku kafin bokiti ya cika. Na tuna kina cewa, “Ki taɓa ruwan da gwiwar hannunki kafin ya taɓa 'yar mutane.” Haka na yi. Kwana arba'in, safe da yamma, ban tsallake ko ɗaya ba.

Ranar ƙarshe Hadiza ta ce da ni, “Mama, idan Ummi ta girma, ni zan yi mata. Na riƙe komai.”

Ummi ita ce jaririyar. Sunanki aka sa mata, bakina ba ya iya faɗa.

Wankan bai tsaya ba, Inna. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya miki kamar yadda kika ɗumama mu.

Taki har abada,
Binta