Ni Na Jefa Gangar Ƙanena a Rijiya

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Ni dattijo ne, furfura ta cinye kaina, ban saba kawo ƙarar kaina gaban jama'a ba. Don Allah ku ɓoye sunana, ku kuma karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

A wani ƙauye kusa da Gozaki aka haife mu, ni da ƙanena, wanda zan kira Sale. Muna yara Goggo takan ba mu labarin tururuwa da gyare: tururuwa tana ta jan hatsi zuwa rami lokacin girbi, gyare yana ta waƙarsa, da bazara ta yi tsanani ya zo roƙo, ta rufe masa ƙofa, yunwa ta kashe shi. Kullum sai Sale ya ce, "Goggo, ita tururuwar ba ta da tausayi ne?" Ni kuwa na riƙe darasin kamar karatun allo. Da na girma na shiga fataucin hatsi da auduga daga Funtua, na je Maraɗi, na zauna Gana, na zauna Sudan, na ji irin labarin nan da Faransanci, na ji shi da Larabci, sai na ce abin da duniya ta haɗu a kai ba ya zama ƙarya.

Shi Sale gangar noma ya ɗauka. Yaran yanzu ba su san ta ba: idan an tara samarin gari gayya don su nome gonar mutum ɗaya, makaɗi yana bin bayansu yana kiɗa, yana kiran kowa da kirarinsa. Ban taɓa kiran Sale da sunansa ba, sai dai in ce masa: "Gyare, yau ma waƙar za ka ci?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, in ka cika rumbun, ni dai ka bar mini ƙofa a buɗe." Ranar da wani ya nuna ni a kasuwar Funtua ya ce ga wan makaɗin nan, na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na dawo gida ana gobe gayyar Sarkin Noma. Juma'a ce, kowa ya tafi masallaci, ni ban je ba. Na ɗauki gangar na sa a buhu, na ɗaura dutse, na jefa a tsohuwar rijiyar bayan gari. Wai gyara shi nake yi!

Dama a cikin makon Sale ya yi cacar baki da amininsa Tanko, shi ma makaɗi, kan wanda zai yi kiɗan gayyar. Don haka da ya nemi gangarsa ya rasa, kai tsaye ya cafki wuyan rigar Tanko a gaban mutane. Tanko yana rantsuwa, yana kuka, ina tsaye. Kun san abin da na ce? Na ce, "Ka ga abokan kiɗan naka." Daga ranar yara suka sa wa Tanko Ɓarawon Ganga, ba wanda ya ƙara kiransa gona, ya ƙare a dako a tashar Kafur. Gayyar ma ba ta yi armashi ba, samari suka watse kafin azahar, rabin gonar ba a nome ba. Na gani da idona, na ƙi fahimta. Sale ya rantse ya bar kiɗa, ya rungumi garma, ya tara hatsi, ya daina dariya. Har godiya yake yi mini, wai ni na nuna masa hanya.

Sai da tsufa ya zaunar da ni na sake tauna labarin Goggo. Wa ya taɓa ganin tururuwa da fartanya? Ba hatsin da wani ya noma take kwashewa ba? A bakin teku a Gana na ga masunta suna jan taru da waƙa, a Sudan na ga masu cirar auduga suna waƙa, a gida kuwa ganga ce ke tura garma, amma na zaɓi labari na bar abin da idona ya gani. Ni da na tara, yau likita ya hana ni nama da gishiri, 'ya'yana suna gaishe ni a tsaye su wuce, gonakin da muka kashe kanmu a kai ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga. Wannan ne ramin tururuwar?

Yanzu Sale yana kwance a asibiti a Malumfashi, rabin jikinsa ya shanye, likitoci sun ce mu yi ta addu'a. Hannun da ya rage masa ba ya hutawa, yatsunsa suna buga ƙarfen gado, kuma na san kiɗan: na gayya ne. Shekaranjiya Tanko ya zo yana dogara sanda, da ƙullin lemu a hannu. Sale ya juya fuska ga bango, ya ce da ƙyar, "Yaya, ce masa ya tafi. Mu haɗu gaban Allah." A bakin ƙofa Tanko ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, kai ne babba, maganarka yake ji. Wallahi ban taɓa gangarsa ba. Kada ya tafi da ni a zuciya." Na ce masa, "Sai haƙuri, Malam Tanko." Ni na ce masa sai haƙuri!

Na je Makka na roƙi gafara, amma na san haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. In na faɗa wa Sale, ina tsoron maganar ta ƙarasa shi, ko ya cika yana tsine mini, ni da yake kira gatansa. In na yi shiru, zai tafi da gabar wanda bai yi masa komai ba, Tanko kuma ya shiga kabari da sunan ɓarawo. Lokaci ba ya jirana. Tun muna samari Sale ya roƙe ni in bar masa ƙofa a buɗe, na rufe, kuma har yau bai san ni na rufe ba.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?