Gizo-gizon Brussels Ya Rama Miki

Zuwa ga Sidonie, inuwar kaɗanyata da tsakar rana, ruwan farko da ke sauka a Diébougou bayan watannin ƙishi, zumar furen ɗorawa, sarauniyar tukwane goma sha biyu, alƙaliyar da ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta!

Gaisuwa daga Anselme, tsohon malamin tarihi, wanda yau aka mayar aji ɗaya.

Ina rubuto miki daga filin jirgin saman Brussels. Jirgin Ouagadougou ya ajiye ni da sassafe, wanda zai kai ni wajen ɗiyata Clarisse da jaririnta a Montréal kuma ya ce sai la'asar. Kwana ashirin da uku ke nan rabon da ki yi mini magana. Shin kogin Bougouriba ya taɓa ƙafewa haka? Ni dai tun ranar da kika cire ƙoƙon shana daga ƙusar bangonki inda ya shekara huɗu a rataye, ko ruwa na sha sai in ji kamar toka nake haɗiya.

Mai tuba sai ya ambaci laifinsa da bakinsa, haka Fada ya koya mana a coci. Kin tafi jana'iza Dissin, kika bar mini makullin ɗakin burukutunki, kika ce in riƙa yayyafa wa tsiron dawa ruwa safe da yamma. Iyakar aikin ke nan. Amma mutumin da ya karanta littafi uku a kan ƙwayoyin cuta ina zai iya tsayawa a iyaka? Na ga yanar gizo-gizo, na share. Na ga baƙin tukwane, na goge. Sai na hango wata baƙar igiya a rataye inda hayaƙi ke bi, na ce assha, macen da zan aura bayan Kirsimeti ba za ta zauna da wannan ƙazanta ba! Na tafasa ruwa, na zuba garin sabulu, na wanke ta tas har ta yi fari kamar rigar Fada ranar Ista. Na shanya ta, na zauna ina jiran yabo, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Kika shigo, kika dubi igiyar, kika dube ni. “Malam, me ka yi wa uwata?” Ashe ita kike tsomawa cikin dafaffen ruwan dawa ya tashi ya yi kumfa. Ashe daga tukunyar kakarki ta ɗauko rai, mahaifiyarki ta riƙe ta, ta bar miki. Dahuwa uku a jere burukutunki ya kwanta lamo kamar ruwan kududdufi, masu sha suka sulale zuwa gidan Odile, wadda nata ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha. Kika ce da ni: “Je ka auri littafi, shi ba ya datti.” Wayyo, tauraruwata, ko kibiya ba ta shiga haka!

To ji abin da ya faru yau, ki yi dariya ko da a ɓoye ne. Na hau jirgin ƙasa na shiga gari. Akwai wani tsohon gidan giya a nan da sunansa ya zaga duniya, iyali ɗaya ke riƙe da shi fiye da shekara ɗari. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ƙishi ya kai ni ba. Hujja na je nema. Na ce zan ga bene mai sheƙi da tukwanen ƙarfe da mutum zai ga fuskarsa a jiki, da ma'aikata cikin fararen riguna, in ɗauki hoto, in dawo in ajiye miki a gaba ba tare da na ce uffan ba. Kin ga irin tuban malamai.

Ina tura ƙofa sai wari ya tare ni. Warin ɗakinki, Sidonie! Tsami da danshi da tsohon itace. Ga duhu, ga ƙura, ga gangunan katako jere kamar shanu a garke, yanar gizo-gizo kuwa ta lulluɓe ko'ina kamar gidan da magada suka yi rigima suka watse. Mutane sun taso daga Japan da Amurka, sun biya kuɗin shiga, suna ɗaukar yanar hoto suna gyaɗa kai. Abin da na share miki kyauta, a nan layi ake bi a gani.

Mai zagayawa da mu wani dattijo ne, Gust, hancinsa ja kamar tattasai. Ya hau da mu can ƙarƙashin rufi, ya nuna mana wani kaskon jan ƙarfe mai faɗin masussuka. Nan suke zuba dafaffen ruwan hatsi, su buɗe tagogi, su tafi abinsu. Iska da tsofaffin katakan rufin su ke sa masa rai. Ina sauraro, sai wannan hannun nawa, hannun da ya ja mini, ya zaro hankici ya nufi wata yana da ke lilo a gefen ganga. Ban ma sani ba sai da na ji tsawa.

“Kai, baba! Sauke hannun nan! Masu saƙar nan ma'aikatanmu ne, sun riga ni zuwa gidan nan. Su ke cinye mana ƙudaje, ba albashi, ba yajin aiki.”

Aka kwashe da dariya. Na gyara tabarau, na tattaro ragowar mutuncina, na ce ina da tambaya ta ilimi: idan wani ya zo ya wanke duk wannan da sabulu fa? Gust ya ce, “Ai ganga ɗaya za mu ware masa, mu rufe shi a ciki.” Na ce wani abokina ne ya yi wa wata mai burukutu haka a ƙasarmu. Ya ƙare mini kallo daga hula har takalmi. “Ta bar abokin naka da rai? To ka gaya masa ya riƙe ta da hannu biyu, waliyyiya ce.” Har na sauko daga benen yana kira na “abokin kansa”.

A ƙarshe aka ba mu ɗanɗano a kofin gilashi. Baƙi suka lumshe ido kamar masu addu'a. Ba laifi, tana da tsami mai hankali, amma kusa da naki marainiya ce. Ina ɗumin nan da ke sauka a ƙirji kamar hantsi? Ina kumfar da ke raɗa a kunnen ƙoƙo? Ina hannun da ke miƙowa? Sai na tuna ranar da na fara zama a bencinki, shekara guda bayan rasuwar uwar Clarisse, ina ta leƙen ƙoƙon ɗanɗanon da kika ba ni kamar mai duba jarrabawa. Kika riƙe ƙugu kika ce, “Malam, da baki ake sha, ba da tabarau ba.” Ranar na yi dariyar farko a cikin shekara. Ke kika tsoma ni na tashi, ya igiyar raina, ni kuma na saka miki da sabulu!

Ga alkawarina. Ran tara ga Disamba zan sauka, amma ba ƙofarki zan nufa ba, don ba ni da fuskar da zan kawo. Motar Dano zan shiga, wajen Inna Pélagie, ƙanwar mahaifiyarki, wadda igiyarta ta sha daga tukunyar kakarki ita ma. Zan kai mata sabuwar igiya, in durƙusa, in roƙe ta ta tsoma mini ita cikin tukwanenta har ta yi baƙi, ko zai ci dahuwa nawa. Na san bakinta. Za ta tara matan kasuwa ta ce, “Ku zo ku ga mai ilimin da ya yi wa burukutu wanka!” Zan tsaya su yi dariya su ƙoshi, in ɗebo mata itace, in hura mata wuta. Sannan in kawo miki igiyar a cikin gora, a rungume kamar jariri. Ba za ta zama ta mahaifiyarki ba, waccan na kashe ta, kuma na sani. Amma jininsu ɗaya.

Bayan haka hukunci naki ne, farin watana. In kin ce Fada ya ɗaura aurenmu, ya ɗaura. In kin ce sai Ista, sai Ista. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki cire ƙusar nan daga bango. Ko ba ƙoƙo a jikinta, in na leƙo na gan ta, na san ban mutu ba tukuna.

Ana kiran jirginmu. Yanzu na lura wani zaren yanar gizo-gizo ya maƙale a hannun kwat ɗina tun daga gidan Gust. Hankicina na aljihu, ban taɓa shi ba. Na ɗauke zaren a hankali na naɗe miki cikin takardar nan, shi ne duk tsarabata.

Naki har gizo-gizo ya yi saƙa a kan kabarina, kuma kada kowa ya share,

Anselme Dabiré,
wanda daga yau in ya shiga ɗakinki hannuwansa na baya.