Gadon da Ziblim Ya Karanta

Maamobi, 3 ga Maris, 1986

Ƙanena Jalilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin koyarwa? Ɗiyata Zuera ta haihu ranar Asabar, namiji, amma zabiya ne. Matan layinmu sai leƙowa suke yi suna cewa obroni, wato Bature. Mijinta Ziblim ya ce a danginsu ba a taɓa haihuwar irinsa ba, kuma kowa ya san a kantin Bature take aiki a unguwar Tudu. Ya ce ba zai yanka rago ba. Kai ne malamin kimiyya. Ka rubuto abin da zan nuna masa, ka ba direban da ya kawo wannan.

Yayarka, Amama

Koforidua, 5 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, barka da arziki. Abu ne sananne. Daga gado ya fito, kuma mutum ɗaya ba ya kawo shi, sai biyu sun haɗu. Jarrabawa muke yi, zan yi bayani daga baya. A gaida mai jego.

Jalilu

Maamobi, 9 ga Maris

Jalilu,

Ina gaishe ka, amma ba da daɗin rai ba. Tun kana ƙarami rowar magana gare ka. Na miƙa wa Ziblim takardarka a gaban danginsa ina taƙama. Ka san Hausarsa ta kasuwa ce. Da ya zo kan "gado" sai ya karanta shi gadon kwanciya. Ya ce, "Kun ji? Kawunta da kansa kraa ya faɗa. Gado, mutum biyu." Na ce gadon kakanni ake nufi, suka ce uwa dai ba ta ƙin bayan ɗiyarta. Ranar suna ta wuce, yaro ba suna. Sun koro Zuera, tana ɗakina, ba ta cin abinci.

Amama

Koforidua, 11 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa, laifina ne, na kuma ji kunya. A karanta wannan a hankali. Kowane ɗa yana karɓar irin halitta biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Irin zabiya idan shi kaɗai ne ɓuya yake yi, mutum ya fito baƙi wuluk yana ɗauke da shi bai sani ba. Sai uba ya bayar, uwa ma ta bayar, sannan ya bayyana. Ɗan Bature da baƙar mace ruwa biyu yake fitowa, ba zabiya ba. Irin yana jikin Zuera, yana jikin Ziblim. A tambayi tsofaffin gidansu.

A kiyaye yaron daga rana. Na bar ki lafiya.

Jalilu

Maamobi, 20 ga Maris

Ƙanena,

Gaisuwa. Limamin unguwarmu ya karanta takardarka a gaban dangin Ziblim, ya juya ya tambayi Zelia, uwar Ziblim. Ta ce ɗanta na fari haka yake, ya rasu a Yendi kafin a haifi Ziblim. Jiya aka yanka rago, sunan yaro Abass.

Ziblim ya zo biko, ya durƙusa. Zuera ta ce shi ta yafe masa, don bai sani ba. Amma ba za ta koma gidan da tsohuwar take ba. Ta ce tsohuwar ce ta yi wa yaron wankan farko, ta gan shi sarai, ta san irin ɗanta ne, amma ta zauna tana kallo aka kori uwarsa.

Ban matsa mata ba. Allah ya bar zumunci.

Amama