Wutsiyar Lamba

Assalamu alaikum Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Na san za ki ce ga waya a hannuna, me ya kai ni takarda. Ki bar ni, a littattafan da nake karantawa duk maganar kirki a wasiƙa ake yin ta.

Albishirinki! Aikin da maigidana ya shafe wata huɗu a kansa ya kammala, kuma a ma'ajiyar kayan da kike aiki za a fara sa shi. Kin san bel ɗinku mai jan kwalaye, na'ura ta karanta lambar kwali ta tura shi ƙofar motar garin da za a kai shi? Ya ce ƙwaƙwalwar na'urar ƙarama ce. A cikinta akwai gidaje dubu da ashirin da huɗu, kowace lamba da gidan da aka ajiye bayaninta. Da, sai ta yi dogon lissafin rabawa kafin ta gano gidan, rabawa kuwa wahala take ba ta. Shi ne ya ce ai na'ura da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma dubu da ashirin da huɗu biyu ce aka yi ta ninkawa. Saboda haka ba sai an raba ba, a yanko sifili da ɗaya guda goma na ƙarshen lambar kawai, su ne adireshin gidan. Wutsiya yake kiransu. Ya gwada da lambobi daga ɗaya har dubu ɗari, ko ƙiftawar ido ba ta kai ba.

Da kantar littattafaina ya nuna mini, ya hargitsa mini su kaf, ban ko yi fushi ba. Yaya, in kin ga fuskarsa yana bayani! Sai na ji kamar ni ce matar da ake rubutawa a babin ƙarshe.

Ki gaishe da yara. Taki har kullum,
Auta

*

Wa'alaikumus salam Auta,

Muna lafiya. Wasiƙarki ta iso, ta sha turare kamar za ta gidan biki.

Babu daɗi a nan. Kwana tara ke nan da sa abin mijinki. Da safe lafiya lau, amma da kaya sun yi yawa sai kwalaye su riƙa wuce ƙofofinsu suna zubewa a kwandon ƙarshen bel. Ranar Talata har da maganin wani asibiti, ya kwana biyu a kwandon. Manaja ya tara mu ya ce sabuwar na'ura ba ta kuskure, mu masu buga takardar lamba ne muke shirme. Na ce, “Ranka ya daɗe, shekara tara muna bugawa haka. Lambar kwali a gaba, lambar reshenmu guda huɗu a ƙarshe, ba mu canza ko ɗigo ba.” Ya ce, “To ke ce babbarsu, ki je gida ki huta.”

Ina gida yanzu. Kwamiti zai zauna Alhamis ta sama, ko a mayar da ni ko a sallame ni. Yaran ma sun ɗauka hutu na samu, suna ta murna.

Ki tambayar mini Injiniyanki ko ya san wani abu. Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba.

Yayarki

*

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa. Wallahi raina ya ɓaci da abin da ya same ki, Allah ya kawo mafita. Na karanta masa wasiƙarki, ya ce zai duba. Aiki ya yi masa yawa kwanan nan, shi ya sa ba ya ɗaukar waya.

Na fara wani sabon littafi, labarin wata mai ɗinki da wani direban jirgin ƙasa. In na gama zan aiko miki ya ɗebe miki kewa. An yi ruwa jiya, furen da na dasa a gwangwani ya fito.

A shafa mini kan yara.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ni na goya ki, ni na koya miki riƙe biro. Ba ki taɓa rubuta mini wasiƙar da ba ta cika shafi biyu ba, ko da kuwa a kan mage ce. Wannan layi takwas ce, kuma babu turare.

Ba na son littafin direba. Me ya ce da kika karanta masa?

Yayarki

*

Assalamu alaikum Yaya,

Ban san ta inda zan gaishe ki ba. Ki yafe mini.

Yana karyawa na karanta masa. Da na zo wurin da kika ce lambar reshe ce a ƙarshe, sai ya ajiye cokali ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ɗauki biro ya yi ta rubutu a bayan ambulan ɗinki, sannan ya dafe kai ya ce, “Na kashe kaina.”

Ga yadda na fahimta. Shi da lambobi masu bin juna ya gwada, kowace da irin wutsiyarta. Naku kuwa duk ƙarshensu ɗaya, don haka wutsiyoyin suka yi kama. Ya ce gida ɗaya cikin kowane goma sha shida ake amfani da shi, sauran fayau. Lambobi sun cunkushe a 'yan gidaje kaɗan, na'ura tana bin su ɗaya bayan ɗaya, kafin ta samo wadda take nema kwali ya wuce. Ba laifinki ba ne, Yaya. Ko kaɗan.

Na ce, “To alhamdulillahi, sai ka gaya musu.” Ya ce gyaran layi ɗaya ne, a gauraya kan lambar da wutsiyarta kafin a yanka. Zai saka shi cikin gyare-gyaren ƙarshen wata, abu ya daidaita, ba wanda zai sani. Na ce, “Yayata fa? Kwamiti Alhamis ne.” Ya ce, “Ke ba ki san aiki ba. Wata shida kawai na yi a kamfanin nan, ni na dage a cire tsohon lissafin, ogana ya hana na nace. In na buɗe baki ni za a kora. Yayarki ta daɗe, gargaɗi kawai za su yi mata.” Na ce, “In ba su tsaya a gargaɗi ba fa?” Sai ya ce, “Wannan ba littafinki ba ne,” ya ɗauki jakarsa ya fita.

Gaskiya ya faɗa. A littafi da tuni na san wane ne mugu. Shi kuwa kwana huɗu ke nan ba ya cin abincin kirki, jiya na same shi zaune a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya, ya manta da ɗayan. Tsoro yake ji, ba mugunta ba ce. Amma na rubuta miki labarin fure alhali na sani, wannan kam laifina ne.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Ina da ciki, wata uku. Shi ya sa na yi shiru, ina tunanin ina za mu nufa in aka kore shi.

Ambulan ɗin da ya yi lissafin a bayansa yana cikin wannan. Bai san na ɗauka ba. Ki yi yadda kika ga dama da shi, ni na kasa zaɓa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Na gani. Allah ya raba lafiya. Ki riƙa cin abinci, ki daina kuka, na ga inda tawada ta jiƙe.

Ambulan yana jakata. Kwamiti ƙarfe goma ranar Alhamis, a ofishin sama. Ki gaya wa mijinki akwai motar da ke isowa kafin tara. In ya zo ya faɗa da bakinsa, ni zan fara roƙar masa, kuma ba zai taɓa jin cewa kin aiko mini da komai ba. In goma da kwata ta yi ban gan shi ba, zan buɗe jaka.

Yayarki