Tabarmar Baƙi

Doguwa, Asabar.

Ƙanena Musaddiq,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Abuja? Baba da Inna suna lafiya. Na ba Ɗanasabe direba takardar nan ne don maganar ba ta waya ba ce.

Rafinmu ya lalace. Tun da kamfanin haƙar kuzar nan ya fara wankin ƙasa a saman dutse, ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Albasar Baba ta fadama ta ƙone a tsaye, Fulani sun daina kawo shanu mashaya. Mai unguwa ya kai kuka, sai aka nuna masa takarda, wai mutum tamanin da uku sun dangwala yatsa sun amince. Yatsan farko na Baba ne.

Ba takardar da ka zagaya da ita bara ba ce, ranar da ka zo da baƙinka zauren Baba, ka ce a dangwala don a san wanda ya halarta? Kai ne lauyansu. Faɗa mini gaskiya.

Yayarka, Bilkisu.

Abuja, Laraba.

Yaya Bilkisu,

Wa alaikumus salam. Na sami saƙonki, a gaida su Baba.

Aikina shi ne in bi 'yan kwamitin majalisa ofis-ofis, in nuna musu dalilin da zai sa a sassauta wa kamfanoni dokar muhalli. Doka ta ce a ji ta bakin jama'a, kuma an ji. A zauren Baba sau uku na tambaya ko akwai mai ja, ba wanda ya yi ko tari. Ranar Alhamis ta sama kwamiti zai duba sabunta lasisin kamfanin, takardar tana cikin hujjojinmu.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji. Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci ni kaɗai a kan teburin ofis. Idan na zo gida kuma, Baba ya sa a shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ya ce, "Barista, an zo lafiya?" Rabon da ya yi mini faɗa tun ina makaranta. Can ma baƙo ne ni, Yaya.

Naki, Musaddiq.

Doguwa, Lahadi.

Musaddiq,

Sallama. Kowa lafiya, ban da rafi.

Sau uku? Ko sau talatin ka tambaya! Haba ɗan Inna, a garin nan aka yanke cibiyarka. Wa zai ƙaryata ka a zauren ubanka, a gaban baƙin da ka kawo? Kara aka yi maka, ka kuma sani. Ina leƙe ta ƙofar gida lokacin da Hamma makiyayi ya buɗe baki, Baba ya kalle shi sau ɗaya, ya haɗiye maganarsa. Shirun nan ka kwasa ka kai Abuja ka ce yarda ce.

Kullum da safe Baba yana zuwa fadama, ya tsaya, ya dawo hannu a baya. In mutane sun yi maganarka sai ya ce, "Barista ya fi mu sani." Wallahi gara in ji ya zage ka. Tausayinka nake ji, haushinka kuma ya hana ni cin tuwo.

Alhamis tana hannunka. Allah Ya sa ka gane.

Bilkisu.

Abuja, Talata.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Ba kamfani ne ya zaɓi zauren Baba ba. Ni na ce musu su bar mini, na san inda ba wanda zai ce uffan.

Ranar Alhamis na miƙe a gaban kwamiti na ce takardar ta halarta ce, ba ta amincewa ba, kuma ni na zagaya da ita. An dakatar da lasisin sai an sake taro a filin makaranta, ba tare da ni ba. Ban ce rafin zai warke ba, ban ma san yadda taron zai kaya ba. Kafin la'asar an kwashe kayana daga ofis, ana kuma maganar ladabtar da ni. Kwana biyar ke nan wayata ba ta yi ƙara ba.

Ina son zuwa gida, amma tsoron tabarmar nan nake ji. Ki karanta wa Baba wannan, kada ki tsallake komai.

Ƙanenki, Musaddiq.

Doguwa, Juma'a.

Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Na karanta masa duka, har da maganar zauren. Ina gamawa ya tashi ya naɗe tabarmar baƙin da hannunsa, ya jefa ta kan rumbu.

Ya ce, "Gaya wa mara kunyar yaron nan ya biyo Ɗanasabe ranar Litinin. A tsakar gida zai durƙusa, sai na wanke shi tas a gaban kowa."

Inna ta ce kada ka ci komai a hanya.

Yayarka, Bilkisu.