Littafi Na Uku

Zuwa ga Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin kwalta? Allah ya sa ciwon bayan nan ya sake ka. Direban kamfaninku na ba wannan takarda, tunda waya ba ta shiga dajin da kuke shimfiɗa hanya.

Kada hankalinka ya tashi, amma ni da Kyanwa muna asibiti, yau kwana biyu. Mura ce ta sauka mata a ƙirji. Likita ya ce ƙwayar cuta ce da ke yawo tsakanin yara. In babba ne, ya yi atishawa kwana uku ya warke, amma jaririya ƴar sati bakwai hanyoyin numfashinta kamar zare suke, majina kaɗan ta toshe su. Na roƙe shi ya yi mata allura mai ƙarfi. Ya ce cutar nan ba ta jin allura, sai dai iska da jira.

Gado goma sha biyu ne a ɗakin, kowanne da mai tari. An sa mata bututu a hanci, an manne shi da filasta a kumatun nan da kake bugun ƙirji wai naka ta ɗauko. Nas ta koya mini ƙirga numfashinta da agogon bango, ta ce in ya haura sittin a minti in kira ta. Saba'in nake samu. Matar gadon kusa, mai tagwaye, ta sa mini suna Ƙaramar Likita, wai tambayata ta fi tarin ɗakin yawa.

Innarka tana kawo mana abinci. Tana gaishe ka.

Taka har abada,
Uwar Kyanwa.

Zuwa ga Maigidana,

Ina gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya. Ban ga amsa ba, na san mota sati-sati take shiga.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ka san mai kitson da ke bayan gidanmu, wadda nake aron littattafai a wurinta. Akwai wani labarin soyayya da na gama na ɗaya da na biyu, an tsaya daidai inda jirgi zai tashi da masoyin yarinyar labarin. Da na uku ya dawo hannunta, ta leƙo ta katanga ta ce in zo in karɓa, amma kada in shigo da jaririya, yaranta duk hanci na zuba. Ba wanda zan bar wa ita, haƙurin jira kuma ban da shi. Na ce ai minti ɗaya ne. Na zauna muna hirar labarin, yaran suna karɓarta hannu-hannu suna sumbata, ni ina dariya.

Bayan kwana uku ta rage shan nono, sai barci. Har na ji daɗi, wai ta bar ni in yi karatu. Na kwantar da ita a cinyata ina karanta mata a bayyane, yadda nake yi tun tana ciki. Ƙirjinta yana wani gurnani, na ce ka ji Kyanwa, labari ya yi mata daɗi. Wuni guda, Maigida. Sai da Innarka ta shigo, ta ɗaga rigarta, ta ga haƙarƙari yana lotsawa, leɓe ya yi duhu. Ta saɓe ta ta fita ba takalmi.

Jiya ɗaya daga cikin tagwayen ya rasu. Uwarsu ta daina tsokanata. Kyanwa ta kasa kama nono, ina tatsa a kofi suna zuba mata ta bututu.

Ka yafe mini in za ka iya.

Matarka,
Uwar Kyanwa.

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa wannan ta same ka da wuri.

An mayar da ita ƙaramin ɗaki mai gilashi, an ɗora ta a kan inji. Sau biyu a wuni ake bari in shiga. Na yi ta ƙirga numfashinta ta gilashin, nas ta ce in daina wahalar da kaina, na injin nake ƙirgawa.

Na faɗa wa Innarka maganar littafin. So na yi ta zage ni. Ta dube ni ta ce, tashi ki tatsa, ƙirjinki ya jiƙa riga. Tun jiya da safe ma'aikatan ba su karɓi nonon ba. Kofi huɗu ne a kan taga, ban san wa nake tara wa ba.

Littafin yana cikin jakar kayanta, saura shafi takwas. Kullum kana mini dariya wai ni ba na fara labari sai na leƙa ƙarshensa, in ba daɗi in mayar. Nan na leƙa fuskar likita, ya kawar da kai. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ina ubanta, kuma kwana nawa zai ɗauka kafin ya iso.

Ka biyo motar da ta kawo maka wannan. Kada ka tsaya a kasuwa neman ƴan takalman da ka yi mata alkawari.

Ina sa hannu da sunan da ka ba ni, tunda har zuwa la'asar ɗin nan nawa ne.

Uwar Kyanwa.